Kwalbar Asibitin Da Na Zuba Wa Humra

Ranar da na fara ganin jinin ina durƙushe ne a gindin darbejiyar tsakar gidanmu a Tambuwal ina wanki, littafina a kife a kan turmi don kada shafin ya ɓace mini. Ɗigo ne da bai wuce ƙwayar wake ba, a bayan farin wandon Malam, ya riga ya bushe ya yi duhu. Na dube shi, na waiga ƙofa ko akwai mai kallona, sannan na cusa wurin cikin kumfa na yi ta cuɗa har ya fita. Na shanya wandon, na ɗauraye hannuna, na koma kan karatuna. A lokacin shekarata ashirin da shida, shekara shida da aure, da 'ya'ya biyu, amma in za a bi gaskiya hankalina bai bar ajin ƙarshe na sakandare ba. Edita, ina roƙon a sakaya sunana da na mijina. Ba don tsoron mutane ba, waɗanda suka san mu za su gane mu tun daga layin farko. Shi ne ya ba ni izinin rubutowa, da sharaɗin kada in gyara komai don in fita da kyau.

Ni 'yar Kebbe ce, kuma tun ina ƙarama littattafan soyayya suka rene ni. Haya muke karɓowa, mu yi ta zagayawa da su tsakaninmu har bangon ya yage. Na karanta ɗaruruwa, kuma daga cikinsu na koyi yadda mace ke tarbar miji, yadda take sunkuyar da kai, irin turaren da take sa wa ɗaki. Abin da ban lura da shi ba sai daga baya shi ne, a duk littattafan nan babu mutum ɗaya da ya taɓa ɗaukar buta ya zagaya. Jarumi in zai yi ciwo, ciwon zuciya yake yi. Ya dafe ƙirji ya faɗi, a kwashe shi zuwa asibiti, masoyiyarsa ta zauna a gefen gado tana kuka mai tsabta. In jini zai fito, ta baki yake fitowa, a cikin farin hankici. Haka na ɗauka rayuwar masoya take, kuma haka na shirya tawa.

Malam ya girme ni da shekara goma sha biyar. Yana koyar da Larabci a makarantar gwamnati, kuma shi ne limamin masallacin unguwarsu, limancin da ya gada daga mahaifinsa. Muryarsa na fara so kafin in ga fuskarsa. Na zo hutu gidan ƙanwar mahaifiyata, na ji ƙira'arsa ta lasifika da asuba, na ce a raina ga jarumina. Da Allah ya ƙaddara aka yi auren, sai na tarar da mutum mai kunyar da ta fi tawa. Mahaifiyarsa Bafulatana ce ta wajen Jabo, kuma ya sha fulako a nono. Bai taɓa yin hamma a gabana ba tare da ya juya fuska ba. In zai shiga bayan gida, sai ya ga na shiga madafa. Ni kuma sai na ji fitarsa masallaci nake ɗaukar butata. Shekara shida muna wannan ɓuya a gida ɗaya mai masai ɗaya, ina alfahari da hakan, ina faɗa wa ƙawayena cewa ni da Malam har yanzu kamar saurayi da budurwa muke.

Bayan ɗigon farko sai na biyu, sai ya zama duk wanki sai na gani. Na fara lura da wasu abubuwa, domin mai wanki da mai cika buta babu abin da ke ɓoye mata. Mutumin da sau ɗaya yake zagayawa a rana ya koma sau huɗu, sau biyar. Yakan daɗe a ciki, ya fito yana share zufa, bai jima ba ya sake komawa kamar wanda bai gama ba. Wani makon cikin ya ɗaure, wani makon ya sake. Ya riƙa sabunta alwala tsakanin kiran salla da iƙama. Agogonsa ya fara zamewa zuwa bayan hannu, na ga ya huda wa madaurin sabon rami da allura. Kuma ga abin kunyar da ban taɓa faɗa wa kowa ba: ramar ta burge ni. Ƙasusuwan fuskarsa suka fito, idanunsa suka ƙara girma, farinsa ya ƙaru, na riƙa satar kallonsa ina ganin ya zama irin mutanen da ake kwatantawa a littafi. Ashe farin nan jini ne ke ƙarewa a jikinsa.

Ban tambaye shi ba. Na yi ta juya maganar a bakina, na rasa kalmar da zan fara da ita. Yaya zan dubi mutumin da jama'a ke bi salla in ce masa na ga jini a wandonsa? Sai na yanke wa kaina hukunci, irin wanda kowa ke yankewa a ƙasarmu: basir ne. Wa ya rasa basir? In mutum ya rame basir, in ya yi kasala basir, in bayansa na ciwo basir. Ranar kasuwa na je wajen wata tsohuwa mai sassaƙe da saiwoyi, na ce mata maƙwabciyata ce ta aiko ni, mijinta na zubar da jini. Ta kalle ni ta yi dariya, ta ce duk matar da ta zo wurinta maƙwabciya ce ta aiko ta, ita har yau ba ta ga maƙwabciyar nan da idonta ba. Ta ƙulla mini garin magani, ta ce a riƙa zubawa a kunu safe da yamma, a hana shi zaƙi da mai.

Haka na yi, ba tare da na gaya masa ba. Na janye sukari daga shayinsa, na rage mai a miya, na riƙa barbaɗa garin a kunun safe. Maganin nan ɗaci gare shi kamar maɗaci, na ɗanɗana na sani. Malam zai ɗaga kofin, ya kurɓa, ya ɗan tsaya, sannan ya shanye tas ya ce Allah ya yi albarka. Bai taɓa tambayar me ya sami kunun ba. Ni kuwa ina jin daɗi a raina, ina ganin na kai matuƙa a iya zaman aure: na yi wa mijina magani ba tare da na kunyata shi ba. Aka yi sa'a, ko in ce rashin sa'a, jinin ya ɗauke na kusan wata guda. Na ce magani ya ci. Da ya dawo, sai na ce ai laifin rake ne da ya sha a makaranta, na koma wurin tsohuwa na ƙaro.

Wata tara muna haka. Ranar nan ana sallar la'asar, a raka'a ta uku, jiri ya ɗebe shi ya zauna, na'ibinsa ya matsa gaba ya ƙarasa da jama'a. Aka kawo shi gida a bayan babur, mutum ɗaya na tuƙi ɗaya na riƙe da shi. Washegari muka tafi asibiti. Ina tuna na zaɓi mayafi mai ruwan toka, domin a ganina shi ya dace da matar da mijinta ba shi da lafiya. Da aka kira shi, ya miƙe, ni ma na miƙe. Ya dube ni ya ce in zauna in jira shi, yanzu zai fito. Na ƙi. Wannan shi ne wurin da na karanta sau ɗari, inda mace ke tsayawa kusa da mijinta a gaban likita, ba zan bari ya wuce ni ba. Na bi shi ciki na zauna a kujerar da ke gefensa.

Likitan matashi ne mai natsuwa. Ya ja fatar idon Malam ya duba, ya dubi tafin hannunsa, ya ce jininsa ya yi ƙasa sosai, kuma namiji mai irin shekarunsa ba ya rasa jini haka kawai, akwai inda yake zuba. Kafin ya ci gaba sai ya tambaya ko Hajiya za ta ɗan ba su wuri. Na yi murmushi na ce tsakanina da mijina babu sirri. Har yau in na tuna wannan jimlar sai in ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Likita ya fara tambaya ɗaya bayan ɗaya. Ko yana ganin jini in ya zagaya? Malam ya dubi ƙasa ya ce a'a. Ko yanayin bayan gidansa ya canza a watannin nan, ya ƙaru ko ya ragu? Ya ce lafiya lau. Ko yana jin kamar bai gama ba bayan ya gama? Ya ce a'a. Ramar fa? Ya ce karatu ne da azumin nafila. Likita ya juyo gare ni ya ce ko ni na lura da wani abu a gida. Ina zaune da hannuwan da suka cuɗe jinin nan wata tara, na sunkuyar da kai kamar yadda na koya, na ce rashin hutu ne kawai ke damunsa.

Daga baya na fahimci abin da muka yi a ɗakin nan. Likita ba boka ba ne. Amsar da ka ba shi ita ce fitilarsa, da ita yake sanin inda zai haska da irin gwajin da zai tura ka. Da mun ce e ga tambaya ɗaya, da a ranar zai duba shi, ya rubuta mana takardar zuwa Sakkwato. Mun kashe masa fitilar mu biyu. Duk da haka bai sake mu haka ba. Ya rubuta maganin ƙarin jini da na tsutsar ciki, sannan ya ɗauko wata 'yar kwalbar roba mai jan murfi, ya liƙa mata takarda da sunan Malam, ya ce a sa bayan gida kaɗan a ciki a kawo ɗakin gwaji, domin akwai jinin da ido ba ya gani. Ya ce lallai mu dawo cikin mako biyu, ko ya ji sauƙi ko bai ji ba. Malam ya karɓa da hannun hagu ya jefa a aljihu, kunnuwansa sun yi ja.

Kwana uku bayan haka na tsinci kwalbar a aljihun rigarsa a cikin kayan wanki, babu komai a cikinta. Na tsaya da ita a hannu. Na san abin da ya kamata: in kai masa, in ce Malam ga saƙon likita. Amma sai na hango shi yana karɓa daga hannuna, mu duka mun san abin da za a zuba a ciki, na ji ba zan iya ba. Na ajiye ta a bayan madubi na ce gobe. Goben ta zama mako, makon ya zama wata. Maganin ƙarin jini ya ɗan tashe shi, ya koma makaranta, ya koma gaban sahu. Wata rana na haɗa humra mai kyau na rasa ƙaramin abin da zan riƙa sawa a jaka in za ni biki. Idona ya faɗa kan kwalbar. Sabuwa ce, murfinta na rufuwa gam. Na cika ta da humra. Ko takardar sunan ban ɓare ba, wai ina jin daɗin ganin sunansa a cikin jakata.

Wata takwas suka ƙara wucewa. Damina ta zo ta lalata hanyar Kebbe, sai da ruwa ya ɗauke sannan yayar Malam ta samu zuwa duba mahaifiyarsu, wadda muke kira Inna, da ke zaune a sashenta a gidanmu. Yaya nas ce a Kebbe, ta kusa ritaya, mace mai faɗar magana yadda take. Amaryar littafi take kirana, takan ce in ta ga hayaƙi a gidanmu ba ta sanin na girki ne ko na turaren wuta. Da ta ga ƙanenta, ta ƙare masa kallo daga sama har ƙasa. Ta tambayi Inna, Inna ta ce ai yaron nan karatu zai kashe shi. Ta tambaye ni, na ce an je asibiti an ba da magani. Da yamma za mu shiga barkar haihuwa a maƙwabta, ta ce in sam mata humrar nan tawa da ake labari. Na buɗe jaka na miƙa mata.

Ba ta buɗe ba. Ta juya kwalbar a hannunta, ta nisanta ta daga ido irin na masu tabarau, ta karanta takardar. Sannan ta zauna a bakin gado ta ce in rufe ƙofa. Ta tambaye ni mi kwalbar ga taka yi a jakata, kuma ko na san abin da ake zubawa a irinta. Na ce na sani. Ta ce to tunda na sani, in zauna in ba ta labari tun daga farko, kuma in na sa mata kalma ɗaya ta littafi za ta tashi ta bar mini ɗakin. Ita ta riƙa tambaya, irin tambayoyin likitan nan sak, ni kuma ina amsawa ina kallon yatsun ƙafata. Jinin ja ne ko baƙi? A haɗe da majina? Tun yaushe? Sau nawa yake zagayawa? Da na ce shekara ɗaya da wata biyar, sai ta rufe ido. Na ce mata na ɗauka basir ne, har ina ba shi magani. Ta ce sau da yawa basir ɗin ne, ita ma ta sani, amma wa ya duba ya gaya mini? Ta ce basir ba ya sa mutum huda madaurin agogo. Ba ta zage ni ba. Da ta zage ni da na fi samun sauƙi. Ta dai ce, ɗiyar nan, kin sa turare a inda ake neman ran mijinki.

Daga nan ta fita, ta samu Malam a zaure da ɗalibansa manya, ta sallame su da kanta. Ina daga bayan ƙofa ina ji. Ya fara kawo mata zancen karatu da azumi, ta katse shi. Ta ce ita ta yi masa tsarki yana jariri, ta goye shi ya ɓata mata zane ba sau ɗaya ba, saboda haka in yana da fulakon da zai yi, ya ajiye wa mutanen masallaci. Ta ce shi da ke karantar da babin tsarki, yana faɗa wa ɗalibai abin da ke fita ta gaba da ta baya dalla-dalla ba ya jin kunya, yaya aka yi da abin ya zo kansa bakinsa ya mutu? Na ji ya yi 'yar dariya. Da ya fara magana, muryarsa ƙasa-ƙasa, sai na bar wurin. Wannan karon na gane ba wurina ba ne.

Kwana biyu bayan haka muna Sakkwato. A babban asibiti na zauna a benci a waje ba tare da kowa ya ce mini in zauna ba. Amma likitan, wani dattijo, ya aiko a kira ni. Ya ce Malam ya ce matarsa ta fi shi sanin ranar da abin ya fara, domin ita ke wanki. A gaban mijina, da yayarsa, da likita, da ɗaliban likita biyu masu farar riga, na buɗe baki na faɗi kalmomin da na shekara bakwai ina gudu. Na faɗi jini, na faɗi majina, na faɗi sau nawa. Babu wanda ya yi dariya, rufin ɗakin bai faɗo ba. Likita yana rubutu kawai yana gyaɗa kai. Abin da na ɗauka dutse ne ashe minti biyu ne.

Aka duba shi da yatsa a ranar, aka ɗebi jini. Bayan kwanaki aka ba shi maganin wanke ciki, aka zura masa siririyar na'ura mai kyamara ta dubura, aka ga tsiro a ƙarshen babban hanji, can ƙasa kusa da mafita. Aka ɗan yanko aka kai gwaji. Mako biyu muka jira. Sankara ce. Likita ya ce Allah ya sa ba ta kai hanta ko huhu ba, amma ta yi girma, ta ci bangon hanjin ta kama naman da ke riƙe bayan gida. Yaya ce ta yi tambayar da na kasa yi, ko da an zo bara fa? Dattijon ya ce shi ba ya rantsuwa a kan abin da ya wuce, amma irin wannan tsiron in an same shi yana ƙarami aikin ya fi sauƙi, wani lokaci a yanke a haɗa hanjin mutum ya ci gaba da rayuwarsa yadda ya saba. Yanzu kam sai an gasa wurin da na'ura, an yi ƙarin ruwan magani, sannan a yi tiyata a cire ƙarshen hanjin gaba ɗaya, a buɗe masa wata mafita a gefen ciki, ya riƙa ɗaura jaka har ƙarshen rayuwarsa.

Ba zan ba da labarin watannin jinyar ba, duk wanda ya yi jinyar mai sankara ya sani, wanda bai yi ba kuwa Allah ya raba shi da sani. Abu ɗaya zan faɗa. Na samu abin da na yi ta mafarki, na zauna a gefen gadon mijina a asibiti. Sai dai babu farin hankici. Akwai roba, da auduga, da wari, da wata nas da ta tsaya a kaina tana koya mini yadda ake ɓare jakar a wanke fatar a liƙa sabuwa. Ranar farko da na yi da hannuna, ya juya fuska bango hawaye na bin gefen idonsa zuwa kunne. Ban taɓa ganin kukansa ba sai ranar.

Bayan mun dawo Tambuwal, wata safiya ina canza masa jakar, na ce masa ya yafe mini, na gaya masa komai, har da tsohuwa mai sassaƙe. Ya ce ai ya sani, tun kofin farko. Ya ce wane irin gero ne zai yi wannan ɗacin? Ya gane na ga jinin, ya gane ina rufa masa asiri, sai ya ga in ya yi magana ya tona asirin da nake rufawa. Kwalbar kuwa, ya ce da gangan ya bar ta a aljihu. Ya kasa yi don kansa, yana fatan in na gani zan matsa masa, ya samu hujjar cewa matarsa ce ta tilasta shi. Ya jira kwana da kwanaki in yi magana. Ni ina jiran ya fara, shi yana jiran in fara. Ya ce laifin namu ne mu biyu, kuma nasa ya fi, domin shi ya yi wa likita ƙarya da bakinsa alhali yana limami. Sannan ya tambaye ni ko da gaske ne abin da Yaya ta faɗa, wai humra na zuba. Na ce da gaske ne. Ya yi dariya har sai da ya dafe ɗinkin, ya ce ko ba komai ita ce kwalbar asibiti mafi ƙamshi a ƙasar Sakkwato. Shi ya yafe. Ni ce har yau ban gama da kaina ba.

Abin da ya sa na rubuto ke nan. Na san a yanzu haka akwai matar da ke cuɗa wani ɗigo a cikin kumfa tana waigen ƙofa, akwai namijin da ke daɗewa a bayan gida yana cewa basir ne. Watakila basir ɗin ne, Allah ya sa haka. Amma ba ke za ki yanke ba, ba mai sassaƙe ba, ba abokan hira a bakin kasuwa ba. In jini na fita, ko yanayin bayan gida ya canza ya ƙi komawa daidai har makonni, ko mutum na ramewa yana fari ba dalili, a je a faɗa wa likita yadda abin yake, da kalmominsa, don ya san gwajin da zai yi. In an ba da kwalba a mayar da ita da abin da aka ce. In kin san mijinki ba zai iya magana a gabanki ba, ki zauna a benci, wannan ma so ne. In kuma aka tambaye ki, ki faɗi abin da hannunki ya wanke. Kunya ado ce, ban musa ba, da ita aka rene mu. Amma tawa ba kunya ce zalla ba, har da son in ga kaina a matsayin matar littafi, kuma mijina ne ya biya.

Shekara biyar ke nan da tiyatar. Malam na nan da ransa, yana zuwa Sakkwato a duba shi lokaci-lokaci, kuma har yanzu ba a ga abin ya dawo ba. Ya yi ƙiba kaɗan, agogon ya koma raminsa na da. Yana koyarwa, zaurensa na cika. Limanci ne bai koma ba. Malamai 'yan'uwansa sun gaya masa sallarsa ingantacciya ce, mai lalura yana da sauƙi, shi ma ya san haka fiye da ni. Amma ya ce wanda ba ya iya riƙe alwalarsa gara ya bar wa mai iyawa gaba. Na'ibinsa, wanda shi ya koya wa Fatiha, shi ke jan salla yanzu. Malam yana tsayawa a ƙarshen sahu, kusa da ƙofa.

Da asuba ina jin lasifika, muryar wani ce. Muryar da na baro Kebbe dominta, wadda unguwa guda ke tashi da ita, yanzu iyakarta tsakar gidanmu, in ya dawo masallaci ya zauna a gindin darbejiya yana tilawa. In ya rufe Alƙur'ani nakan kawo masa kunu, mai sukari, in durƙusa in gaishe shi. Sannan in tambaye shi yaya cikin ya kwana, wane launi, da yawa ko kaɗan. Shi kuma ya dube ni ido cikin ido ya gaya mini.